Kayan Jegon da Ƙaramin Jirgi Ya Ƙi Ɗauka

A zauren da na yi karatu, da zango ake auna nisa. Idan aka zo babin sallar matafiyi, malaminmu, Allah Ya jiƙansa, sai ya ajiye littafi ya ce mu ɗauka mun ɗora wa raƙumi kaya da asuba, mun yi ta tafiya har rana ta faɗi, mun kwana, washegari mun sake yin haka. To irin wannan tafiyar ce take ba mutum damar yin kasaru. Na rubuta bayanin da ajami a gefen shafi kamar yadda kowa ya rubuta, na kuma girma da shi a kaina. Ko da na zo Amurka na zauna a Greensboro, na yi shekaru ina aiki a wani katafaren sito na kayan ɗaki har gwiwoyina suka ce sun gaji, ban daina ɗaukar nisa a matsayin abin da ƙafa ko taya ke takawa ba. A wurina, in akwai gari nan akwai gari can, to akwai hanya a tsakani, akwai tasha, akwai direban da zai kai ka in kun shirya.

'Yarmu ta fari a nan ta tashi. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka Uwata nake ce mata. Ta auri wani yaro mai natsuwa, malamin lissafi, iyayensa suna gida Najeriya. Ba su daɗe da aure ba ya samu aikin koyarwa a wani ƙauye can arewacin Alaska, suka tattara suka tafi. Lokacin da yake yi mini bayanin wurin, ya ce manyan jirage suna sauka ne a wani gari da ke bakin teku, inda asibiti yake. Daga nan sai a shiga ƙaramin jirgi zuwa ƙauyen nasu.

Na ce, "Tsakaninsu fa?"

Ya ce, "Baba, kamar daga nan zuwa Charlotte ne da ɗan ƙari. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba."

Na lissafa a raina na ce, wato Kano da Katsina ke nan. Hankalina ya kwanta. Ya ƙara da cewa babu hanyar mota, na ce to, to, kamar yadda mutum yake amsa maganar da ta shiga kunne ta tsaya a bakin ƙofa.

Da ciki ya samu, Hajiya, wato mahaifiyarta, ta so a dawo da ita gida ta haihu a gabanta, kamar yadda aka yi mata ita kanta. Likitocin can suka hana doguwar tafiya. Sai aka tsayar da cewa Hajiya ce za ta je ta yi mata wankan jego, ni kuma in zauna, saboda gwiwa, kuma saboda surukin nawa ya wakilta ni in yanka ragon suna a nan, tunda a inda suke ko akuya babu.

Tun da labari ya bazu a masallaci, gidanmu da ke gabashin gari ya zama kamar kasuwa. Wannan ta kawo kanwa, waccan ta kawo garin kunu, wata ta kawo yajin jego da ta daka da hannunta. Wata baiwar Allah 'yar Nijar ta kawo man shanu da kilishin da mijinta yake yi. Aka kawo daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, zuma, turaren wuta, da busasshen ganyen darbejiya na wanka da wata ta taho da shi daga gida. Ga zannuwan goyo, ga riguna da hulunan jariri da za su ishi 'yan uku. Duk wadda ta kawo sai ta ce, "Hajiya, ki ce mata daga Antinta ne," Hajiya kuwa ba ta mayar da ko ƙulli ɗaya ba.

Surukina ya kira ya ce, cikin ladabi, a ɗan rage kaya, don jirgin ƙarshe ƙarami ne. Na isar da saƙo.

Hajiya ta ce, "Jirgi ne ko amalanke? Malam, ka taɓa ganin jirgin da garin kunu ya kayar?"

Ban taɓa gani ba, sai na bar ta da kayanta.

Haihuwa ta zo kafin lokacin da aka sa rai. An haifi namiji a asibitin garin bakin teku, lafiya lau, alhamdulillahi. Muka matso da tikitin Hajiya. Su kuma can aka ce musu yanayi zai juya, gara su koma gida tun sama tana buɗe, sai suka ɗauki jariri suka koma ƙauye, da nufin Hajiya ta same su a can kafin suna.

Abokina Alhaji, mutumin Gana, wanda muka yi aikin sito tare, shi ya zo da babbar motarsa ya kai mu filin jirgi. Da ya ga akwatuna biyu da manyan jakunkuna masu zane-zanen nan, sai ya tsaya ya riƙe ƙugu.

Ya ce, "Hajiya, ƙaura za ki yi ba a gaya mana ba?"

Ta ce, "Kai dai ɗauki 'yan uwanka ka sa a mota. Gana-mas-go ne, ai kun san juna."

Ya ce, "Kun kore mu da su, ga shi yau ku ne ba kwa iya tafiya sai da su. Allah Ya isa tsakaninmu da ku."

Muka yi dariya har filin jirgi. Turancin Hajiya na kanti ne da asibiti, ba ta kuma karanta boko da sauri, don haka na rubuta mata sunayen garuruwan da za ta sauka da 'yan kalmomin da za ta buƙata, da harufan ajami, yadda za ta karanta su fito da Turanci. An kuma nema mata masu tura ta a keken marasa lafiya a kowane filin jirgi. Na yi mata addu'ar matafiyi, ta shige, ko waiwaye ba ta yi ba, tana ta ƙirga jakunkunanta da ido.

Jirage uku ta hau, ta ratsa ƙasar nan daga wannan kusurwa zuwa waccan, babu abin da ya same ta ko kayanta. Duk wannan nisan, wanda a lissafin malaminmu tafiyar watanni ce, Allah Ya naɗe mata shi cikin yini da kwana. Saura ɗan guntun nan da bai kai awa ɗaya ba.

Ina zaune bayan la'asar sai ga wayarta. Tun daga sallama na san akwai magana.

"Malam, mutanen nan ba su da kunya. Sikeli suka ɗora ni."

"Ke ko kayan?"

"Ni da kayan! Kamar buhun masara. Yarinyar da ke aunawa har da rubutawa."

Na ce, "To nawa kika yi?"

"Wannan kuma ba ruwanka. Saurara ka ji. Wai ni in shiga da 'yar jakar hannu da akwati ɗaya ƙarami, sauran kayan sai ranar da aka samu wuri a biyo ni da su. Na ce yaushe? Wai ba su sani ba. Ka ga jirgin kuwa? Wallahi motar Alhaji ta fi shi ciki. Ga kwalayen madara da na taliya an cika bayansa da su."

"To ki shiga mana, kayan sa biyo ki."

Ta ce, "In shiga in je in yi me? In shiga ɗakin mai jego hannu rabbana, kamar wadda ta zo kallo? In ta ce Mama ina kunu, in ce yana filin jirgi? Matan nan da suka ba ni amana in ce musu me? Na ce su tafi, gobe na bi na safe da kayana gaba ɗaya."

"Jirgin ya tashi?"

"Ga shi can yana tashi."

A nan ne na ba da shawarar da har yau Alhaji yake tsokanata da ita. Na ce ta fita waje ta tambayi inda tasha take, ko shatar mota ce a ɗauka, ni zan biya. Na kira surukina na gaya masa haka, da muryar wanda ya warware matsala. Na ji yana neman hanyar da zai bi kada ya kunyata ni.

Ya ce, "Baba, babu hanya. Ba wai ta lalace ba ne. Ba a taɓa yin ta ba. Titin garin yana fita kaɗan sai ya ƙare. Da rani akan bi kogi da kwalekwale, in sanyi ya kankama akan bi ta kan ƙanƙara. Yanzu kuwa ruwan ya fara daskarewa, kwalekwale ba ya wucewa, kuma bai yi ƙarfin da za a taka ba. Sai jirgi."

Da yamma Alhaji ya buɗe mini taswira a wayarsa, ya yi ta jan hoton da yatsu biyu. Ga ɗigon gari nan, ga ɗigon ƙauye can, tsakaninsu tafkuna birjik kamar an watsa ruwa a tsakar gida, da koguna suna ta murɗewa. Na nemi layi ɗaya da ya haɗa su, ko siriri, ban samu ba. Na daɗe ina kallo. Sai a ranar maganar da yaron nan ya faɗa mini tun farko ta ƙarasa shiga.

Washegari hazo ya taso daga teku ya rufe garin. Jirgin safe bai tashi ba, na rana ma haka. Surukina ya samo wa Hajiya masauki a gidan wata dattijuwa 'yar asalin wurin, wadda jikarta ɗalibarsa ce. Kullum da safe matar takan sa ta a mota su je filin jirgi, su zauna a kan benci tare da sauran masu jira, a yi ta duban taga, can a fito a ce yau ma babu. Wata rana garin ya washe, sai aka ce ai can ƙauyen ne iska take kaɗawa a karkace, jirgi ba zai iya sauka ba. Hajiya ta koyi kalma sabuwa, kullum ita take faɗa mini: "Sun yi kansil."

Abin da ya fi ba ta mamaki shi ne babu mai faɗa. Ta ce, "Malam, in a gida ne da tuni an ci kwalar wani. Nan kuwa sai kowa ya ɗauki jakarsa ya ce sai gobe. Wata tsohuwa ma saƙa take yi."

Ta tambaye ni hukuncin sallarta, ko ta ci gaba da kasaru ko ta cika. Na ce tunda ba ta yi niyyar zama ba, kullum tana sa ran tashi gobe, to matafiyiya ce, ta ci gaba da kasaru. Ta ce rana ma a nan ba ta da niyyar zama, sai hantsi ya yi take leƙowa, kafin ka gama abinci ta koma. Mai masaukinta kuwa, Allah Ya saka mata da alheri, ta gane cewa baƙuwarta ba ta cin kowane nama, sai ta riƙa dafa mata kifi. Ta ware mata tawul mai tsabta don shimfiɗar salla, in ta ga ta tayar sai ta rage muryar talabijin. Hajiya ta ba ta kilishi ta ɗanɗana, yaji ya sa ta hawaye, ta sha ruwa ta miƙo hannu a ƙara mata.

Ni dai a nan ina tsakanin waya biyu. Can ƙauye abubuwa ba su yi daɗi ba. Jariri yana ta kuka, nono bai kawo sosai ba, uban kuma dole ya leƙa makaranta da rana don babu wanda zai riƙe masa aji. Matan maƙwabta suna shigowa da romon kifi, suna ɗan karɓar yaron, amma Uwata ba ta iya barci ko an karɓe shi. Muryarta a waya ta zama siririya, in na tambaye ta jiki sai ta ce da sauƙi kawai.

Ana jibi suna, Uwata ta kira ni. Ta fara da Hausa, da kuka ya zo sai ta koma Turanci, kamar yadda takan yi tun tana ƙarama in abu ya kai mata wuya. Ta ce ta ji jirgin nan da kunnenta ranar da ya sauka, ta tashi da ƙyar ta tsaya a taga da yaro a hannu, mijinta ya dawo shi kaɗai. Ta ce, "Baba, wuri ɗaya aka ba ta, ta bar shi saboda garin kunu. Ni ban ce a kawo mini komai ba. Ko sau ɗaya ba ta ce mini ya jikina ba, sai dai ta tambayi mijina wai yarinyar nan tana cin abinci? Ka gaya mata ni ita nake so. In ba za ta iya zuwa don ni ba, ta koma gida da kayanta."

Hajiya mutuniyar zamanin da ce. A inda ta tashi, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna damuwa da shi ko ciwo yake yi. Kunya ce, kuma da ita ake gane 'yar mutunci. Ita ma haka uwarta ta yi mata, ba ta kuma taɓa shakkar cewa ana son ta ba, domin ta ga irin kayan da aka shigo da su ɗakinta ranar da ta haihu. Abin da baki ba zai faɗa ba, shi ta ɗure a jakunkunan nan. Yarinyar da ta tashi a Greensboro, wadda ta ga iyayen ƙawayenta suna rungume su a ƙofar makaranta, ina za ta iya karanta wannan? Na yi ƙoƙarin yi mata bayani, ta ce ta sani, ta sha ji, amma yau ba bayani take so ba.

Na yi alwala na yi nafila raka'a biyu kafin na kira Hajiya, don na san in na karkata kalma ɗaya zan ɓata tsakanin uwa da 'ya. Da ta ɗauka, ban ƙara ban rage ba, na faɗa mata abin da aka ce in faɗa.



Can ta ce, "Ita ta ce haka?"

"Ita ta ce."

"Kuka take yi?"

"Tana yi."

Na ji ta ja numfashi. Ta ce, "Yaran yanzu." Sannan ta ce, "Malam, kashe wayar, ina da aiki."

Daga baya ta ba ni labarin aikin. Ta zazzage akwatuna da jakunkuna duka a tsakar falon matar nan, ta zauna a ƙasa tana zaɓe. Ta ɗebi kanwa kaɗan, garin kunu mudu guda, yaji, ganyen wanka, dabino da 'yar kwalbar zamzam. Ta ɗaga man shanu ta ajiye, ta sake ɗagawa ta sake ajiyewa. Mai gidan ta kawo sikelin banɗakinta suna aunawa tare, in ya haura sai matar ta girgiza kai, Hajiya ta cire wani abu tana tsaki. Da aka zo kan zannuwan goyo wuri ya ƙare. Sai Hajiya ta tuna cewa kaya aka yi wa iyaka, ita ba a ce ga nauyin da za ta tsaya a kai ba. Ta ɗaura zannuwan a jikinta ɗaya bisa ɗaya, ta cusa hulunan jariri a aljihun rigar sanyi. Matar ta yi dariya har ta zauna, ta tashi ta ɗauko mata wata rigar sanyin da ta fi girma don ta rufe duka.

Ana gobe suna ma ba a tashi ba.

Ranar suna muka tafi wata gona a McLeansville inda Alhaji ya saba sayen dabbobi, mu biyu da wasu 'yan uwa daga masallaci. Mun jinkirta yanka zuwa bayan azahar, domin a lokacin ne gari yake wayewa a can, muna so uban yaro ya kasance a waya. Rago ne fari mai ƙaho, Alhaji ya zaɓe shi tun mako guda kafin nan yana ta yabon kansa. Aka riƙe mini waya kusa da kunne, surukina ya faɗi sunan, na maimaita, na yi bismilla na yanka. Aka yi addu'a, Allah Ya raya, Ya sa mahaddacin Alƙur'ani ne, Ya ba uwa lafiya. Na ce amin da ƙarfi a wannan ta ƙarshen. Ban tambayi labarin jirgi ba.

An rataye rago an fara fiɗa ke nan sai wayata ta yi ƙara. Hajiya ce, tana haki, ga ƙugin inji a bayanta.

"Malam, sun ce mu fito. Yarinyar sikelin nan ta kalle ni ta kalli takardarta, wai na ƙara nauyi. Na ce kifinku ne."

"Ki yi addu'a, Hajiya."

"Tun jiya nake yi. Sai na sauka."

Na koma motar Alhaji na zauna, na bar ƙofa a buɗe, na ɗauko carbi. Daga inda nake ina hango su suna aiki a ƙarƙashin wata bishiya da ganyenta ya yi ja yana zuba. Na riƙa tuna tafkunan nan da na gani a taswira, ina cewa yanzu tana bisa wannan, yanzu tana bisa wancan, mace mai tsoron hawa lif a bene, a cikin abin da bai kai motar da nake zaune a ciki ba. Alhaji ya leƙo da hanta a kan wuƙa ya ce a gasa mini, na ce ya bari tukuna.

Ya ce, "Ka kwantar da hankalinka, Malam. In jirgin ya gaji sai su tsaya a tasha su nemi shata."

Na ce, "Allah Ya shirye ka, Alhaji."

An gama fiɗa, an fasa ciki, ana cikin sara ana kasawa, ba a kai ga ƙulla kason maƙwabta ba, sai ga saƙo daga surukina. Hoto ne. Fili fari fat, ɗan jirgi a gefe, ga wata mata ƙatuwa kamar rumbu cikin rigar sanyi, da akwati ƙarami a hannu, ana taimaka mata ta hau bayan babur mai ƙafa huɗu. Sai da na kalli fuskar sosai na gane matata ce. Na sauko daga mota na fuskanci alƙibla na yi sujada a kan ciyawa, gwiwar da take hana ni sakat ko motsi ba ta yi ba. Tafiyar da ta tsare ta kwana da kwanaki, ba ta kai tsawon gyaran rago ɗaya ba.

Sauran kayan sun bi ta a hankali, yau jaka ɗaya, bayan kwana biyu akwati, man shanu ne ya zo ƙarshe ana dab da arba'in. Rabin kilishin ta bar wa mai masaukinta, har yanzu kuma sukan gaisa a waya, kowace da yarenta. Amma wannan duk daga baya ne.

A ranar dai, mun dawo gida da nama, mata suka karɓa suka shiga soye-soye, gida ya cika da 'yan barka. Na yi ta amsa gaisuwa ina duban waya. Na ƙi kira don kada in shiga tsakaninsu da wuri, ban kuma san yadda haɗuwar ta kasance ba, ko an yi kuka, ko an yi faɗa, ko kowa ya kama bakinsa. Da aka idar da magariba na kasa daurewa, na shiga ɗaki na rufe ƙofa na kira lambar Uwata.

Hajiya ce ta ɗauka, da raɗa.

"Malam, yi magana a hankali."

"Lafiya?"

"Lafiya lau. Na dafa ruwa na yi mata wanka, ta sha kunu kofi biyu. Tukunyarsu ƙarama ce, sai da na ɗora sau uku. Yaron yana bayana, ya yi shiru. Kunnuwanka ya ɗebo, Allah Ya sa ya fi ka jin magana."

"Amin. Ita fa? Ba ni ita mu gaisa."

"Ba za ka samu ba. Ta ɗora kai a cinyata wai za ta gaya mini wani abu, ko rabin maganar ba ta kai ba barci ya ɗauke ta. Ƙafata ta mutu tun ɗazu, ga la'asar tana neman shiga, na kasa motsawa."

Na ce, "To ki zame a hankali ki sa mata matashi."

Ta ce, "A'a. Bar ta. Ka kira gobe."